Marubuta, Mu Buɗe Tagar Ɗakin Amarya

Makon nan ni aka ba wannan fili, kuma tun daga farko ina neman afuwa, domin abin da na zo da shi ba zai yi wa wasunmu daɗi ba. An ce wanzami ba ya son jarfa. To yau jarfar tamu ce, kuma da kaina zan fara.

Shekara uku da suka wuce, lokacin ina sakin wani labari shafi-shafi a WhatsApp, na rubuta wata fitowa da na yi alfahari da ita. Jarumata amarya ce, kwananta biyu a gidan miji. Ta tashi da sassafe ta shiga banɗaki, ta tuttula bilic a masai, ta bi shi da maganin wanke masai, ta ja ƙofa ta hau gurza. Ta fito ta goge tayil, ta rufe tagogi, ta saki labule, ta feshe ɗaki da turaren gwangwani, sannan ta zuba turaren wuta a kan garwashi. Ango ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa ya lumshe ido. Masu karatu suka yi ta turo min alamar zuciya, wasu na cewa sun ƙaru. Babu wanda bai san wannan fitowar ba a gidan nan. In ba ka rubuta ta ba, ka karanta ta ya fi sau ɗari.

Bara da bazara aka kai 'yar ƙanwar mahaifiyata ɗakinta a Unguwar Dosa. Ciki da falo ne, banɗaki a cikin ɗaki, da 'yar taga guda can sama wadda ba ta kai faɗin faranti ba. Kwana tara da tarewa, maƙwabciyarta ta same ta durƙushe a ƙofar banɗakin tana tari, idanu jawur, hawaye na zuba, numfashi na fita da ƙyar kamar mai asma. A Keke Napep aka kai ta asibiti, ta kwana da robar iska a hanci. Kafin gari ya waye har an fara ƙus-ƙus a cikin dangi: wasu na cewa iska ce ta sabon gida, wasu na nuna tsohuwar budurwar angon da baki. Da ta samu kanta na tambaye ta abin da ta yi a banɗakin. Ta lissafo min shi tiryan-tiryan kamar tana karanto min shafina. Na ce wa ya ce ki haɗa su? Ta ce, "Yaya, ai haka ake yi. A littafi ma haka suke yi." Ban tambaye ta wane littafi ba, saboda ina tsoron amsar.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na san abin da ya same ta tun kafin ta rufe baki. Diflomata a fannin kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje na yi ta a Kadpoly, kuma wannan darasin shekarar farko ne. Bilic ɗin da muke wanki da shi sinadari ne mai ɗauke da kulorin. Yawancin magungunan wanke masai masu ƙarfi kuwa asid ne. In suka haɗu, kulorin ɗin nan yakan fita ya zama iska, ta shiga ido da maƙogwaro da huhu tana ƙona su. Ita ce iskar da sojojin Jamus suka saki a kan abokan gaba a ƙasar Beljiyam a watan Afrilun 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Na haddace wannan na ci jarrabawa da shi, na dawo gida na sa jarumata ta haɗa makamin yaƙi a banɗaki, na kira shi tsafta. A jikin yawancin kwalaben nan akwai gargaɗin kada a haɗa su da wani abu, amma da Turanci ne, da ƙananan baƙaƙe. Yarinyar da ba za ta tsaya karanta bayan kwalba ba, ita ce ke raba dare tana karanta mu da Hausa.

Ga ƙarar da na shigar a kanmu. Mun koya wa masu karatunmu cewa tsafta ƙamshi ce, arziki kuma warin sabon kaya ne. In kuma abin ya kwantar da mutum, mun riga mun tanadar masa wanda zai zarga: kishiya, uwar miji, ko boka. A littattafanmu amarya ba ta taɓa ciwon kai don ɗakinta babu iska. Kullum asiri ne. Mu muka miƙa gubar, mu muka kuma kawar da idon mutane daga kanta.

Mu fita daga banɗaki mu shiga uwar ɗaka. Wane marubuci ne a cikinmu bai taɓa cinye shafi biyu yana lissafa kayan ɗaki ba? Gado ɗan Turkiyya, wadirob mai ƙofa shida, madubi, kujeru masu laushi, da jimlar nan da ba ta ɓacewa, wai ɗakin sai tashin ƙamshin sabon kaya yake. Ku zo mu tambayi kafinta me ke tashin. Yawancin gadaje da wadirob da ake jera wa amare a garin nan yanzu, na waje da na gida, an yi su ne da katakon MDF da danginsa. Garin katako ne ake cuɗawa da gam a matse shi ya zama allo, kuma gam ɗin da aka fi amfani da shi yana ɗauke da fomaldihaid. Wannan sinadarin ne idan aka narka shi a ruwa ake kira fomalin, wanda ake adana gawa da shi a mutuware. Yakan riƙa fita daga jikin katakon a hankali, ya fi yawa lokacin da kayan ke sababbi, kuma zafi da laima suna ƙara masa gudu. A ƙara da warin fenti da tina da aka fesa wa gadon kwana uku kafin biki, da sabuwar katifa da aka yage ledarta a daren, da fentin bangon da bai gama bushewa ba.

Yanzu ku auna yadda muke yi. Yau a yi jere, gobe a kai amarya. Ana gama jere a rufe tagogi, a saki labule mai kauri, a kulle ƙofa don kada ƙura ta shiga ko idon mutane. In bikin ya faɗo a Maris ko Afrilu, ɗakin ya wuni yana dahuwa a ƙarƙashin kwano. Cikin wannan tukunyar ake kai yarinya, a ce kuma ta yi kwana bakwai ko tsakar gida ba ta leƙa ba. Idonta na yaji, kanta na sarawa, maƙoshinta na ƙaiƙayi, a ce gajiyar biki ce.

Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya fomaldihaid cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa tun 2004. Ba ina cewa duk wadda ta kwana a gadon MDF za ta kamu ba, hujjar ta fi ƙarfi a kan waɗanda ke shaƙarsa da yawa shekara da shekaru a wurin aiki. Amma yajin ido, tari da tayar da asma, waɗannan tun a daren farko ake iya ganinsu. A Amurka, bayan guguwar Katrina ta 2005, gwamnati ta tsugunar da dubban iyalai a ɗakunan wucin gadi da aka yi da irin wannan katako. Mutane suka yi ta kukan ciwon kai da tari, har gwajin da aka fitar a 2008 ya nuna sinadarin ya yi yawa a ciki, aka shiga kwashe su. A 2010 ƙasar ta yi doka ta ƙayyade yawan fomaldihaid da irin wannan katako zai riƙa fitarwa. Can doka aka yi masa. Nan mu waƙa muke yi masa.

Sai fiya-fiya. Sinadarin da ke cikinta, wanda ake rubutawa DDVP a jikin kwalba, maganin ƙwarin gona ne, kuma jijiyoyi yake kamawa, na ƙwaro da na mutum duka. Alamominsa su ne dalalar miyau, gumi, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi. Saboda yawansa a jikin wakenmu Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Hukumar NAFDAC kuma ta hana sayar da Sniper da ire-irensa a kasuwanni da manyan shaguna daga ranar 1 ga Satumba, 2019. Duk da haka wa bai san gidan da ake yayyafa ta a ƙarƙashin gado da lungun kujera saboda sauro da kuɗin cizo ba, a rufe ɗaki, bayan isha'i a shigar da yara su kwanta? Mu kuma me muka yi da ita a rubutu? Mun mayar da ita ƙofar fita ga duk jarumar da aka yi wa auren dole. Har sunanta muke kamawa, da inda ta saya, da yadda ta kafa kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana gargaɗin masu yaɗa labarai kada su riƙa bayyana hanyar da mutum ya bi ya halaka kansa, saboda akwai masu rauni da ke kwaikwayo. Mu da 'yan shekara goma sha biyar ke karantawa a ƙarƙashin bargo, wa ya cire mu daga wannan gargaɗin?

Akwai kafur, wanda muke sa jarumarmu ta zuba a akwatin kayan jariri don nuna ta iya tanadi. Fararen ƙwallayen nan da yawansu naftalin ne. Akwai wani rauni na jini da ake gado, likitoci na kiransa ƙarancin G6PD, wanda ya yawaita a tsakanin 'ya'ya maza a ƙasar nan. Jariri mai shi in ya shaƙi naftalin ko ya sa kayan da suka kwana a cikinsa, ƙwayoyin jininsa na iya farfashewa, shawara mai tsanani ta kama shi, wadda kan taɓa ƙwaƙwalwa. Tarayyar Turai ta hana sayar da irin wannan kafur tun 2008. Akwai kuma sodar da matanmu ke haɗa sabulun ruwa da ita bayan an koya musu sana'a, wadda ake narkawa a ajiye a gorar lemo ko robar ruwa a bayan ƙofa. Yaro mai rarrafe bai san bambancinta da ruwa ba, kuma kurɓi ɗaya na iya ƙone masa maƙogwaro har abinci ya daina wucewa.

Na san amsoshin da ke jirana a ƙasan wannan rubutu, bari in tare su tun yanzu.

Za a ce labari ba asibiti ba ne, mu nishaɗi muke bayarwa. Da kyau. To me ya sa muke cika baki a taron ƙungiya cewa marubuci malamin al'umma ne? Me ya sa muke rubuta "faɗakarwa, ilmantarwa, nishaɗantarwa" a saman kowane shafi? Mun sa girke-girke a labari, mata sun dafa. Mun sa haɗin gyaran jiki, sun haɗa. Mun sa salon magana da miji, sun gwada. Duk lokacin da wata ta turo cewa littafinmu ya gyara mata aure, ɗaukar hoton saƙon muke mu baza a gari. Wanda ya karɓi yabon gyara ba shi da bakin cewa ba ruwansa da ɓarna. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ba ta ce labari ba makaranta ba ne lokacin da ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? Ta ɗauki auren wuri da karatun 'ya mace ta sa su a tsakiyar labari, kuma labarin bai rasa daɗinsa ba.

Za a ce ai abin da mutane ke yi muke rubutawa, ba mu muka ƙirƙiro ba. Gaskiya ne, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Akwai masu talla, akwai ƙawaye, akwai masu gyaran amare. Amma mu ba hoto kawai muke ɗauka ba, zaɓe muke. Mu ke yanke wace ce macen kirki a labari da wace ce ƙazama. Kullum ƙazamar ita ce mai buɗaɗɗen ɗaki da sabulu da ruwa, 'yar gayun kuma ita ce mai kwalabe bakwai. Wannan hukuncin daga alƙalaminmu ya fito.

Za a ce iyayenmu sun yi turare ba abin da ya same su. Ni ma ina son turaren wuta, kuma ba zan daina ba. Amma ɗakin kakata na ƙasa ne, ƙofarsa asabari, rabin rayuwarta a tsakar gida take. Gadonta na ƙarfe ne, jerenta kwalla da tasoshi. Ba ta taɓa kwana a ɗakin siminti mai tagar gilashi a rufe, da allon gam a kewaye da ita, da garwashi na ci a gefe ba. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da irin iskar nan marar wari da ke cikin hayaƙin janareta, wadda muke jin ta kashe iyali guda cikin barci. Turaren bai canja ba, ɗakin ne ya canja.

Za a ce ina so in kashe wa kafintoci da 'yan kasuwa sana'a. Ko kusa. Duk wanda ya ratsa ta Panteka ya ga samari na yanka allon nan ƙura na tashi, suna fesa fenti babu ko ƙyalle a hanci, ya san su ne farkon waɗanda abin ke ci. Kuma na san ba kowane uba ke da kuɗin gadon madaci ba. Maganin da nake kira a kai ba na kuɗi ba ne. Iska ce da lokaci.

Kuma kada maza su ce wannan zancen mata ne. Wani bincike da masana na Jami'ar Bergen ta ƙasar Norway suka fitar a 2018 ya bi mutum sama da 6,000 har tsawon shekara 20, ya gano matan da ke yawan aikin goge-goge da sinadarai, a gida ko a wurin aiki, huhunsu ya fi saurin raunana a kan na waɗanda ba sa yi. Waɗannan matan su ne iyayenku da matanku. Kuma kai ne kake kama gidan da banɗakinsa ba taga, kai ne kake shigowa kana tambaya me ya sa gidan ba ya ƙamshi.

To me nake so mu yi? Ba na so kowa ya tsayar da labari ya hau lacca, mai karatu zai tsallake. Abin da jaruma ta aikata ya fi abin da marubuci ya faɗa shiga rai. A bar ta ta wanke masai da abu guda, ƙofa a buɗe, ta ɗauraye da ruwa sosai kafin ta taɓa wani. A bar sabulu da ruwa su ishe ta goge ɗaki, domin ɗaki mai tsafta ba shi da wari, ba shi da ƙamshi. A ba mu uwa mai wayo da za ta dage a karɓo kayan daga wurin kafinta da wuri, su sha iska a rumfa, a yi jere da sauran mako biyu ko uku, a bar tagogi da ƙofofin wadirob a buɗe, ta kuma sa kafinta ya rufe duk gefen allon da aka yanka. Rigimar da za ta yi da dangin da ke cewa ana gaggawa ta isa babi guda mai daɗi. A bar amarya ta turara ɗaki, ta fitar da kaskon, ta ɗaga labule. A ba ta gidan sauro da raga a taga a madadin fiya-fiya. A sa ta ɗora kwalabe can saman kabad, kowanne a cikin mazubinsa na asali.

In kuma labari ya kai ga wani ya sha guba ko ya shaƙa, don Allah mu daina ɗura masa manja da madara, mu daina sa masa yatsa a maƙoshi. Soda ko asid in aka amayo su sun ƙona hanya sau biyu ke nan, kananzir kuma huhu yake faɗawa. A fitar da shi iska, a cire kayan da abin ya zuba a kai, a wanke fata da ido da ruwa mai yawa, a ruga asibiti da kwalbar a hannu don likita ya san da me yake faɗa. Wata rana wata uwa za ta tuna wannan fitowar a lokacin da ba ta da minti biyar na tunani.

Sannan mu gwada, ko sau ɗaya, labarin da amarya ke ciwo, dangi suka gama zargin kishiya, aka kashe kuɗi wurin masu magani, zumunci ya tsinke, daga ƙarshe aka gano wadirob ne da rufaffiyar taga. Akwai tashin hankali a ciki, akwai nadama, akwai zaluncin da aka yi wa baiwar Allah da ba ta ji ba ta gani ba. Wannan ya fi boka na dubu da ɗaya.

Kada mu raina alƙalami. A 1962 wata Ba'amurkiya mai suna Rachel Carson ta fitar da littafinta Silent Spring a kan illar magungunan ƙwari. Kamfanoni suka yi mata ca, amma bayan shekara goma, a 1972, Amurka ta hana fesa DDT a gonaki. Mu ba a ce mu ja da kamfani ko gwamnati ba. Jimla huɗu ko biyar ne za mu canja a cikin abin da muke rubutawa kullum.

Ni dai na koma na gyara nawa. Na bi duk inda na san an tura labarin na aika sabon shafin tare da ban haƙuri, duk da na san tsohon ya riga ya yi nisan da ba zan kamo shi ba. 'Yar uwata ta warke, sai dai har yau in ta ji warin bilic sai ta fita waje.

Aikinmu na makon nan ke nan. Kowa ya buɗe abin da ya rubuta, ya nemo fitowar shara ko ta jere ko ta turare, ya karanta ta yana tunanin ƙanwarsa ce za ta aikata ta gobe da safe, a banɗaki marar taga. In ya ga zai bar ta ta yi, ya bar shafin yadda yake. In ba zai bari ba, ya sake rubuta shi ya ajiye mana a nan ƙasa mu gani, kada ya wuce kalma ɗari biyu. Wanda kuma yake ganin na yi kuskure, fili a buɗe yake, ya zo da hujjarsa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah Ya tsare mana iyalanmu, Ya sa alƙalumanmu su zama hujja gare mu ba a kanmu ba. Sai na ji daga gare ku.